Kilishin da Na Kai wa Sajan

Zuwa ga 'yata Rakiya, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya tsare waɗanda za ku tafi tare, ya dawo mana da ku ba ciwo ba rauni. Amin.

Abin dariya ne, na sani. Gida ɗaya muke, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu, amma ga ni zaune a shago ina rubuta miki wasiƙa kamar kina Damagaram ni ina nan Bronx ta Amurka. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba abin da ke haɗa mu sai "Ina kwana, Baba" da "Lafiya lau, Uwata". Ba ki taɓa fasa gaisuwar ba, kuma na gode, don ni a shekarunki da an yi mini abin da na yi miki, ko gaisuwar ma sai an roƙe ni. Jibi Asabar za ki tafi can arewacin jiha, bakin babban tafkin nan da ya cika ya shiga gidajen mutane, ke da 'yan rundunarku ta sa-kai. Ba na so ki saɓa jaka ki sauka bene da wannan shirun. Da baki kuwa ba zan iya ba. Ni ɗan kasuwa ne, da na buɗe baki sai in fara neman inda zan ci riba a maganar. Alƙalami bai kai harshena wayo ba. Ki karanta a hankali, inda Hausar ta gagare ki ki tambayi mamanki, ki amsa mini da Turancinki in kin ga dama.

Ba labari zan ba ki ba. Kurakuraina zan baje miki kamar yadda nake baje huluna a kan tebur, ki duba ki ɗauki wanda zai amfane ki.

Na farko tsoron kaki ne. Na taso a kan hanya tsakanin Damagaram da Kano, ina saro atamfa da takalma. A wannan hanyar, in ka hango mai kaki a bakin shinge, hannunka ya riga bakinka gaisuwa. Da na zo ƙasar nan kuma, shekara takwas na yi ina talla a bakin titi a Manhattan, lema in ana ruwa, tabarau in ana rana, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan kwanar titi. Ko bayan da takarduna suka fito na kama shago, tsoron bai san an ba ni takarda ba. Kina 'yar shekara biyar, ina riƙe da hannunki, in na hango mai kaki sai mu tsallaka ɗaya gefen. Wata rana kika ɗago kai kika ce, "Baba, mun yi laifi ne?" Na ce miki a'a, inuwa ta fi a can. Ranar ko rana babu.

Sai shekarar babbar guguwar nan, da teku ya hau unguwannin bakin ruwa. Kina aji na ƙarshe a sakandare. Abokina Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi mai jiran fasinja da tasi a filin jirgin JFK, ya bugo ya ce gidansu ba wuta ba ɗumi, ga matarsa da jinjiri. Muka shiga motar kaya ni da ke muka tafi. Daura da gidan, a filin wata makaranta, ga masu kaki suna sauke barguna da ruwan sha da abinci, ana rabawa. Ni da Alhaji, ƙatti biyu, kowa da katin zamansa na halal a aljihu, muka tsaya a wannan gefen titi fiye da awa guda muna shawara.

Ya kira ni da sunan garinmu kamar yadda ya saba, ya ce, "Damagaram, kai ka fara zuwa. Kai ka fi ni baki."

Na ce, "Kai da ka fito daga ƙasar Turanci? Ni Faransanci aka koya mini, shi ma aji uku na yi na gudu."

Ya ce, "Suna za su rubuta fa."

Na ce, "To ka ba su sunan maƙwabcinka."

Ya ce, "Ai shi ma nawa ya bayar a wani wuri."

Muna cikin wannan sai na waiga ban gan ki ba. Kin tsallaka. Jim kaɗan sai ga ki tare da wata mata cikin kaki, ta girmi mamanki nesa, tana turo kwalaye a amalanke. Tambaya uku ta yi: mutum nawa ne a gidan, akwai jinjiri, akwai mai shan maganin da ke buƙatar sanyi? Ba ta tambayi sunan kowa ba. Ta hau bene hawa huɗu da ƙafarta ta duba jinjirin. Ke kuma kika wuni a filin nan kina miƙa kwalaye har hannunki ya yi ja. A hanyar dawowa kika ce mini matar tsohuwar malamar makaranta ce, ta yi ritaya, ba wanda ya tilasta ta, ita ta kai kanta. Na ce, "Allah ya shirye ta." Yau ina cewa Allah ya saka mata da alheri, ita da duk wanda ya tsaya a sanyin nan.

To ga abin da nake so ki riƙe. Inda za ki je akwai irina. Akwai masu aikin gona da suka zo daga ƙasashe, akwai tsofaffin da ba su yarda da kowa ba, akwai wanda ruwa ya kai masa gwiwa amma in ya ga kakinki zai ce lafiya lau yake. Kada ki jira su a bakin mota. Wanda ya zo layi da kansa ba shi ne abin dubawa ba. Ki duba can ɗaya gefen titi, inda mutum biyu suke tsaye suna yi kamar hira ta kawo su. Ki tsallaka. Ki fara da gaisuwa, ki sassauta murya, kada ki fito da biro da takarda sai in dole. In ya yi miki ƙarya a kan sunansa kada ki ji haushi, ba ke yake yi wa ba, wani shinge ne da ya bari a baya.

Na biyu. Ranar da kika ce mini kin shiga rundunar, shekara biyu ke nan, muna cin tuwo. Ban ce Allah ya sa alheri ba, ban ce me ya ja hankalinki ba. Cewa na yi, "Nawa suke biya?" Kika ce horon ƙarshen mako ɗaya a wata, da mako guda a shekara, duk kyauta ne, sai in gwamna ya kira ku aiki ne ake ba da wani abu. Kika ce har kakin da takalmin ke za ki saya. Na yi dariya har na ƙware, mamanki ta miƙo mini ruwa tana harara ta. Na ce a duk ƙasar nan da ko gaisuwa sai an duba agogo, ke kika samo wurin da ake aiki a saya wa kai takalmi.

Wannan dariyar tsohuwa ce, ta girme ki. Ina ɗan shekara goma sha tara, a ƙauyenmu, damina ta yi ƙarfi, tafkin bayan gari ya fara cin gindin gidaje. Mai gari ya sa aka yi shelar gayya: kowane gida ya fito da namiji da fartanya da kwando, a tare ruwa. Ranar kuwa kasuwar Matamai ke ci, ni kuma ina da rake jaki biyu. Na kama ciki na ce wa kakanki murɗa yake yi. Da suka fita na bi ta bayan danga. Na sayar da raken tas, na dawo da yamma ina fito. Na tarar da tsohon nan, mai shekara sittin da wani abu, zaune a zaure, laka har ƙirji, hannunsa ba ya iya riƙe moɗa. Shi ya tsaya a gurbina tun safe. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An tambaye ni ina ɗana, na ce yana kwance. Sai ga mutumin da ya dawo daga Matamai. Ka sa na yi ƙarya a gaban gari." Ruwa bai shiga gidanmu ba a shekarar. A ɗakin da 'ya'yan wasu suka tsare na kwana.

Shekara arba'in ina gaya wa kaina wayo na yi. Da kika zo da maganarki, gayyar nan ce ta biyo ni har unguwarmu Concourse Village, shi ya sa na yi dariya, don kada in ji kunya. Na gode wa Allah da ya ba ni 'yar da za ta tsaya a gurbin da na gudu na bari. Shawarata: in an ce a fito, ki fito da wuri. Kada ki zama mai neman buhu mara nauyi. A aikin taro ba a rubuta wanda ya laɓe, amma kowa ya gan shi, kuma ba a mantawa. Sai dai kada ki wuce iyaka don ki burge wani. Ki durƙusa da gwiwa in za ki ɗaga buhun yashi, ba da baya ba. Ki sha ruwa tun kafin ƙishi. Ki cire safa in ta jiƙe ko da ana yi miki dariya. Sallah kuma ki gaya wa shugabarku lokutanki tun ranar farko, a fili, ba tare da kame-kame ba. Na lura da mutanen nan, abin da ka faɗa musu tun farko suna girmama shi, abin da suka gano da kansu shi suke zargi.

Na uku ya fi ba ni kunya don na fi jin daɗinsa lokacin da nake yi. Da kika gama horon farko kika kawo hoto cikin kaki, ɗankwalinki a ɗaure tsaf ƙarƙashin hula, sai na juye. Ni da na yi dariya, ni na kai hoton aka faɗaɗa shi, na rataye a shago sama da turaruka. Duk wanda ya shigo sai na ce, "'Yata ce. Sojan Amurka." Bayan wata biyu na ƙara miki girma zuwa kyaftin. Alhaji Isiyaka ya ce, "Damagaram, a hankali, kafin azumi za ta zama janar."

Kin sha yi mini bayani, ni ne ban so in ji ba. Kin ce ku ba sojojin ƙasa ba ne da ake ɗauka a kai yaƙi ƙetare. Rundunar jiha ce, gwamna ke kiranta, iyakarta iyakar jiha. In an yi ambaliya ko guguwa ko ƙanƙara ta rufe gari, ku ne kuke tallafa wa sojojin da aka tura: ku tsare sito, ku riƙe rediyo, ku cika buhunan yashi, ku dafa abinci. Kin ce ko bindiga ba ta cikin aikinki. Kin lissafa mini mutanen rukuninku, akwai direban bas, akwai lauya, akwai mai cire haƙori, akwai tsohon soja da gwiwa ta sauke shi amma zuciya ta ƙi zama. Duk na ji, amma "mai cika buhun yashi" ba ya cika baki a shago kamar "kyaftin".

Kin ga abin da ya biyo baya. Wani ya zo gida da takardun tarar ajiye mota guda shida wai ki sa baki. Wata Hajiya daga unguwar Soundview ta kawo takardun ƙanenta a leda, ta zauna a falonmu ta ƙi tashi, da kika ce ba ki da iko ta fita tana cewa 'ya'yan yanzu in sun samu wuri ba sa waiwaye. Labari ya tsallaka teku, kakarki ta wajen uwa ta ji wai an kai ki fagen yaƙi, ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Duk daga bakina. Ke kika sha zagin, ni na sha kirarin.

Uwata, kaki ba jari ba ne. Kada ki taɓa sa shi don a rage miki farashi, ko a ba ki wuri a layi, ko wani ya ji tsoronki. Ki faɗi matsayinki daidai yadda yake, kada ki ƙara ko taki ɗaya. Wanda ya ƙara wa kansa tsawo a wurin aiki, ranar da aka ce ya miƙo abin da ke sama za a gane shi. Kuma in wani naki ya zo yana neman abin da ba ki da iko a kai, ki ce masa a'a tun a tsaye, kafin ya zauna. Hoton na sauke shi daga shago, yana ɗakinmu yanzu, inda ba mai saye.

Yanzu na huɗu, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Da kika ce sunanki ya fito cikin masu tafiya bakin tafki, mako biyu ko fiye, na ce Allah ya kiyaye, na shiga ɗaki. A talabijin na ga ruwan yana dukan bangon gidaje kamar teku. Ke ko iyo ba ki iya sosai ba. Tsoro ya kama ni na gaske, wannan kam ba ƙarya. Amma maimakon in zo in ce miki, "Uwata, ina jin tsoro," sai na yi abin da na iya. Na ce a raina ba shingen da ba a wucewa in an san yadda ake gaisuwa.

Na sa babbar riga. Na ɗauki kilishi mai kyau na wajen mutanenmu, da turare kwalba biyu, da agogon hannu daga cikin na akwatin gilas, ba na kan tebur ba. Na ce Alhaji ya kai ni inda kuke taruwa. A mota ya kalli ledar ya ce, "Wannan na wane ne?"

Na ce, "Na Sajan ɗinsu."

Ya ce, "Damagaram, nan ba shingen kan iyakar Maimujiya ba ne. Za ka jawo wa yarinya."

Na ce, "Kai dai tuƙa. Mutum mutum ne ko'ina."

Ya ce, "Ni a mota zan jira. In an fito da kai da ankwa, ban san ka ba, fasinja ne."

Na samu Sajan Walta a wani ɗan ofis, dattijo baƙar fata mai furfura, yana cin burodi a kan takarda. Da na ce ni ne babanki ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu. Na zauna, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na yabi ginin. Sannan na tura ledar a hankali da ƙafa zuwa gefen teburinsa. Ya leƙa ya ce mene ne. Na ce gaisuwa ce kawai irin ta gida. Ya ce ƙamshin ya yi masa, amma ba zai iya karɓar ko tsinke ba, ya turo mini ita da nasa takalmin. Ni kuwa a kasuwa turowar farko ba ƙi ba ce, buɗe ciniki ne. Na sake turawa. Ya sake turowa. Ledar nan ta yi zirga-zirga a ƙarƙashin tebur sau uku.

Na ce to, a bar kaya, magana ce ta kawo ni. A bar Rakiya a nan ofis tana buga takardu, a kai maza bakin ruwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ofis? Yallaɓai, a duk rukunin nan mutum biyu ne ke da takardar tuƙa motar ɗaga kaya, kuma 'yarka ta fi ɗayan. In ba ta je ba, buhunan nan da hannu za a loda su."

Shekara uku kina aiki a siton kaya na filin jirgi, ni a zatona kina zaune gaban kwamfuta. Ban taɓa tambaya ba. Baƙo ne ya gaya mini abin da 'yata ta iya.

Nan ya kamata in tashi. Amma ɗan kasuwa in ya ga mai kaya ya riƙe kayansa da ƙarfi, abu ɗaya ya rage masa: ya kushe kayan. Ka ce atamfar tana zuba, ka ce takalmin ɗinkinsa ya saki, ko ya sassauta hannu. Bakina ya yi kafin kaina. Na ce, "Ai ba ta da lafiya. Asma gare ta tun tana ƙarama, in ta shaƙi sanyi sai an kai ta asibiti. Ɓoye muku ta yi."

Murmushin ya ɗauke. Ya jawo takarda ya rubuta. Ya ce ya gode da na faɗa, dole ya kai maganar sama, kuma dole a cire sunanki har likita ya duba, a kuma tambaye ki dalilin da ba ki rubuta a fom ba. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Ba hutu na samo miki ba. Maƙaryaciya na mai da ke a gaban mutanen da suka yarda da ke. Ke da ko mura ba ta cika kama ki ba.

Sauran kin sani. An kira ki, an tambaye ki, kin dawo gida kin tsaya a ƙofar falo da takalminki. Ba ki yi kuka ba. Da Hausa kika yi maganar, ke da ba ki cika yi ba: "Baba, me na yi maka?" Mamanki ce ta ba ni amsar daga baya, ta ce, "Kai duk abin da kake so sai ka rage masa daraja kafin ka riƙe shi. Ni ma haka ka yi da za ka aure ni, ka ce wa yayana ban iya tuwo ba." Allah ya saka wa matar nan, shekara ashirin da shida tana gaya mini gaskiya kyauta.

Ga abin da ba ki sani ba. Kin ɗauka takardar likita ce kaɗai ta mayar da sunanki. Ta taimaka, amma likita ba zai iya shaida cewa ba ki ɓoye komai ba a baya. Ranar Litinin na koma, ni kaɗai, a jirgin ƙasa. Na samu Sajan tare da shugabarku, wata mata mai tabarau. Na tsaya, ban zauna ba. Na ce musu abin da na faɗa ƙarya ne daga farko har ƙarshe, ba ki taɓa asma ba, ba ki san na zo ba, tsoro ne ya sa ni. Matar ta ce zan iya rubutawa in sa hannu? Na ce da wane biro. Na rubuta da Turancina na bakin titi, layi biyar, na sa cikakken sunana da na ubana. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa ba mai kaki sunana da son raina ba sai ranar.

Da zan fita Sajan ya rako ni har ƙofa. Ya ce shi ma yana da 'ya, tana aikin kashe gobara, kuma shekara ta farko duk ƙarar jiniya da ya ji sai ya ajiye cokali. Na ce to yaya ya yi? Ya ce bai yi komai ba, har yanzu yana ajiyewa, ya dai daina gaya mata ta bari. Ya ce ba zai yi mini alkawarin ba za ki jiƙe ba, amma ba a tura kowa bakin ruwa shi kaɗai, kuma ba a tura shi ba rigar iyo. Na gode wa mutumin nan. Yana da damar ya wulaƙanta ni sau biyu, bai yi ko sau ɗaya ba. In kin ga dama ki gaishe shi, ki ce in ji mai asma.

Ban faɗa miki wannan don in saye ki ba. To, kaɗan don haka ne, kin san ubanki. Amma babban dalilin shi ne shawarar da ke ciki, ita ce ta ƙarshe kuma ta fi sauran tsada. In kina tsoro, ki ce kina tsoro. Kada ki naɗe shi cikin dabara. A can za a yi ranar da za ki gaji, ko ki yi kuskure da motar nan, ki fasa wani abu, ko ki manta saƙo. Ki je da ƙafarki ki faɗa kafin a tambaya, kada ki jingina wa wanda ba ya wurin. Kuma duk wanda kike ƙauna, kada ki taɓa rage masa daraja a gaban mutane don ki riƙe shi kusa da ke. Mutum ba atamfa ba ne, in ka kushe shi ba ya dawowa hannunka da sauƙi, tafiya yake yi.

Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Na gode miki da kika tsallaka titin da na koya miki gudu. Na gode da gaisuwar kwana goma sha ɗaya da ban cancanta ba. Tafiyar nan na yarda da ita, da zuciya ɗaya, ba ragi. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. Ni ne mai roƙo. Ki yafe mini, Uwata.

Ranar Asabar bayan sallar asuba zan sauko da motar kaya in tsaya a ƙofar gida. Na share kujerar gaba, na kwashe kwalayen. In kin fito kin buɗe ƙofa kin shiga, zan kai ki har inda bas ɗinku yake, in sauke ki nesa kaɗan, ba zan fito in gaisa da kowa ba. In kuma kin wuce ni kin nufi tashar jirgin ƙasa, ba zan danna oda ba, ba zan bi ki ba. Addu'ar ɗaya ce, ko kin shiga ko ba ki shiga ba.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare ki daga ruwa da sanyi da mugun ji da mugun gani. Allah ya ba hannunki ƙarfi, ya sa a ji sanyi a duk gidan da kika tsaya a ƙofarsa. Allah ya janye ruwan nan daga gidajen bayinsa, ya mai da kowa ɗakinsa, ya dawo mini da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Mamman Sani